Wa Ke Tambayar Inda Kuɗin Noma Ya Shiga?



An ce in yi magana a kan majalisa da kuɗin noma. Wani zai ce me ya haɗa mutumin unguwar Television ta Kaduna da wannan zance, shi da ba shi da ko kunya ɗaya ta masara a bakin titin Kachia. Ku dubi tashar motar nan tamu. Motocin da ke lodin Kachia da Zonkwa da Kwoi da Kafanchan ba wayam suke dawowa ba, da doya da citta da acca da masara suke shigowa. Kusan kowane gida a nan yana da nasa a ƙauye, uwa ko ƙane ko suruki, wanda ake aika wa kuɗin taki a watan Mayu, shi kuma ya aiko da buhu in kaka ta yi. Dattawan da suka yi aiki a masaƙun Kakuri sun fi ni sanin sauran. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 da audugar Funtua da Malumfashi da Gusau take ci, kuma lokacin da masaƙun suka durƙushe, manomin auduga da ma'aikacin masaƙa tare suka shiga uku. Kamfanin takin sufa na gwamnatin tarayya ma a nan kudancin kogi aka kafa shi a shekarun 1970. Don haka zancen nan namu ne.

Bari mu fara da abin da doka ta ba majalisa, domin da yawanmu mun ɗauka aikin ɗan majalisa shi ne haƙa rijiyar burtsatse da biyan kuɗin asibiti. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 120 da na 121, ya ce ba a taɓa kuɗin baitulmalin jiha sai da amincewar majalisar dokoki. Sashe na 128 ya ba ta ikon binciken duk ma'aikata ko hukumar da ke kashe kuɗin da ta ware, ya kuma faɗi dalilin ƙarara: domin a tona cin hanci da rashin iya aiki da almubazzaranci. Sashe na 129 ya ce tana iya kiran kowa ya zo ya ba da bahasi, ya kawo takardu, in ya ƙi a sa a kawo shi. Sashe na 125 ya tanadi Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha, wanda majalisa yake kai wa rahotonsa, ita kuma ta miƙa wa kwamitinta na bin diddigin asusun gwamnati. Majalisar tarayya tana da irin wannan iko a sassa na 80, 81, 85, 88 da 89. Mutum 34 ɗin da muke aikawa majalisar jiha a Lugard Hall ba su rasa makami ba. Sanata da ɗan majalisar wakilai ma haka.

To me ya kamata su tambaya?

A 2003 shugabannin Afirka sun taru a Maputo sun yi alkawarin ware kashi 10 cikin 100 na kasafinsu ga noma, suka sake jaddadawa a Malabo a 2014. Kasafin tarayyar Najeriya, a yawancin shekarun da suka biyo baya, tsakanin kashi 1 da kashi 2 yake yawo. A jiharmu, gwamnati ta ce ta ɗaga kason noma daga ƙasa da kashi 1 a 2023 zuwa sama da naira biliyan 70 a 2025, wato kusan kashi 10 ɗin nan. Wannan abin a yaba ne, kuma na yaba. Sai dai ware kuɗi daban, sakinsa daban, isarsa gona kuma daban. Duk wata uku gwamnatin jiha tana wallafa rahoton yadda kasafi ke tafiya, kuma yana nan a intanet ga mai so. In ka buɗe, za ka ga dogon lamba a hagu, sai sunan aiki, kamar samar da kayan noma ga manoma, sai abin da majalisa ta amince da shi, sai abin da aka kashe zuwa yanzu. Tazarar da ke tsakanin gurbin nan biyu na ƙarshe ita ce gonar ɗan majalisa. In an ware biliyan goma an kashe biyu, wa ya riƙe takwas, kuma don me? In an kashe goman duka, a wane wata?

Tambayar watan nan ita ce ta fi damuna, kuma ita ce aka fi mantawa. Ma'aikacin ofis yana da daga Janairu zuwa Disamba ya kashe kuɗinsa, littafinsa ya fita tas. Manomi ba shi da wannan sarari. A ƙasar nan tamu masara tana shiga ƙasa daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Kamar mako biyu da tsirowa tana neman kamfa, a mako na biyar zuwa na shida tana neman yuriya. In ta wuce wannan gaɓa da yunwa, ganyen ƙasa ya yi rawaya, karan ya tsaya siriri, to ko ka juye mata tirela guda bayan ta fara goyo ba za ta rama ba. Na taɓa tsayawa a sakatariyar wata ƙaramar hukuma ranar rabon taki, masara a gonakin da ke kewaye ta riga ta fi mutum tsawo. Ga rumfa, ga makaɗa, ga jawabai. Aka kira mutum huɗu aka haɗa su da buhu ɗaya, suka ja shi gindin mangwaro suka farke bakinsa suna aunawa da tiya, kowa na ɗaure nasa a leda. A bayan katanga kuwa dillali na tsaye da kuɗi a hannu yana saye daga waɗanda suka san takin bai da sauran amfani a gare su bana. Ba na ganin laifin wanda ya sayar. A takarda an rubuta cewa manoma huɗu sun amfana, kuma babu mai binciken kuɗin da zai kama kowa da sata, domin an sayo takin, an kuma raba. Amma kuɗin jama'a ya tafi a banza, kuma irin wannan asarar ce sashe na 128 ya kira rashin iya aiki da almubazzaranci.

A 2025 gwamnatin jiha ta sanar da rabon tirela 400 na taki, aka ce ƙananan manoma 100,000 za su samu kyauta. Mu yi lissafi tare. Tirela tana ɗaukar buhu 600, ka ga buhu 240,000 ke nan. Jihar Kaduna tana da mazaɓun kansila 255, don haka in an raba daidai, kowace mazaɓa ba ta kai buhu 1,000 ba. Malamin gona zai gaya maka hekta ɗaya ta masara tana cin buhu takwas ko fiye. Abu biyu ke fitowa a nan. Na farko, takin ba zai ishi kowa ba, saboda haka wanda ya rubuta sunaye shi ne mai mulkin rabon. Na biyu, sunayen ba su da yawan da za a kasa liƙa su. 'Yan takardu ƙalilan ne, za su zauna a bangon makarantar firamare ko ƙofar gidan mai unguwa, kowa ya zo ya duba. Mutanen gari sun san wanda ke riƙe fartanya, sun san wanda tun da aka haife shi bai taɓa yin huɗa ba. Kwamitin noma na majalisa yana da ikon cewa ba zai amince da kuɗin takin baɗi ba sai an kawo masa jerin sunayen bana, mazaɓa bayan mazaɓa, da ranar da kowace mota ta sauke kaya.

Me ya sa ba a cika jin wannan buƙata ba? A ganina babban dalilin shi ne an mayar da ɗan majalisa mai rabo. Ya zama ruwan dare a ware masa nasa kason na taki ko injin ban ruwa ko maganin feshi, a ce ya kai wa mutanensa. Daga ranar da ya sa hannu ya karɓa, bakinsa ya mutu, domin in ya nemi jerin sunayen kwamishina, za a nemi nasa. Ko a ƙungiyar 'yan kasuwa ma'aji daban ne, mai duba littafi daban, kuma iyayenmu mata 'yan kasuwa da ke nan sun san abin da ke faruwa ranar da aka haɗa su a mutum ɗaya. Mu ma da namu hannun a ciki, domin in ɗan majalisa ya zo gida, tambayar da muke masa ita ce me ka kawo mana. Ba mu cika tambayarsa wa ka titsiye ba, ko wace takarda ka karanta.

Matsalar ba sabuwa ba ce. An yi shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, an yi juyin noma na Shagari a 1980, an yi hukumar raya karkara ta DFRRI ta Babangida a 1986, kuma kafin su duka an fara shirin raya noma na Bankin Duniya a Funtua a tsakiyar shekarun 1970, lokacin muna jiha ɗaya da Katsina. Da Akinwumi Adesina ya zama ministan gona, shi da bakinsa ya ce kashi 11 cikin 100 kaɗai na manoma ke samun takin da gwamnati ke yi wa rangwame. Shi ya sa a 2012 aka koma aika wa manomi saƙo a waya ya je wurin dila ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Shekara da shekaru majalisu suna amincewa da kuɗin taki, amma sai da minista ya fallasa ma'aikatarsa da kansa.

Shirin Anchor Borrowers ya fi wannan ban tsoro. Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shi a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, kuma kafin a tsayar da shi Babban Bankin Najeriya ya fitar da sama da naira tiriliyan ɗaya. Manoman kirki sun amfana, shinkafa ta ƙaru, an yi dalarta a Abuja a Janairun 2022. Amma manoman bogi ma sun ci, wasu kuma an kai musu iri da taki bayan lokaci sannan aka rubuta musu bashi. A farkon 2023 Asusun Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kaɗai aka biya, Babban Banki ya musanta ya ce ya haura rabi. Abin lura shi ne kuɗin nan bai bi ta kasafin da majalisa ke tantancewa ba, daga Babban Banki ya fita kai tsaye. Har yau ana jayayya a kan nawa ya dawo, domin tun farko ba a ajiye mai tambaya a bakin ƙofa ba. Haka nan ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 da aka sanar a Yulin 2024. Mu na birni mun ji sauƙi a kasuwa, ban raina wannan ba. Amma a kakar 2025 manoman Saminaka da Giwa da Soba suna kukan cewa buhun masara ba ya sayen buhun taki. Harajin da aka yafe shi ma kuɗin jama'a ne, kuma ya cancanci a zauna a majalisa a auna wa ya ci riba, wa ya ɗauki asara.

Sai cushe. A 2016 Abdulmumin Jibrin, wanda ya shugabanci kwamitin kasafi na majalisar wakilai, ya yi zargin an yi aringizo a kasafi, aka dakatar da shi. A Maris 2024 Sanata Abdul Ningi ya yi makamancin zargin a hira da sashen Hausa na BBC, shi ma aka dakatar da shi. Ba ni ne alƙalin waɗannan zarge-zarge ba. Abin da kowa zai iya gani da idonsa a kundin kasafin tarayya shi ne yadda ake tura ayyukan mazaɓu cikin kasafin kwalejojin noma da cibiyoyin bincike: fitilun titi masu aiki da hasken rana, babura, injinan niƙa, gina ɗakin taro a jihar da cibiyar ba ta da ko ofis. Hukumar ICPC da ƙungiyar BudgIT sun sha nuna wannan. A lissafi, duk kuɗin noma ne. A zahiri kuwa, cibiya irin ta Samaru, wadda tun 1922 take fitar mana da iri, ita ce ke neman kuɗin gwaji, malamin gona guda kuma yana fama da dubban manoma ba ko man babur.

Mutanen wannan unguwa ba sa buƙatar in ba su labarin abin da ya sami citta a daminar 2023. Ganye ya fara rawaya, ka tono ka tarar saiwar ta ruɓe ta yi laushi, gona guda ta tafi cikin 'yan kwanaki, daga Kachia zuwa Jaba zuwa Kagarko. Gwamnati ta ƙiyasta asarar da naira biliyan 12. Wanda bai san citta ba zai ɗauka asarar shekara ɗaya ce. Ita kuwa citta daga jikinta ake ajiye iri, don haka wanda ya rasa amfanin bana ya rasa na shukawa baɗi. Matan da ke tsaga ta suna shanyawa sun rasa aikin kaka, masu lodi sun rasa, kuɗin makarantar yara da yawa a Television da Sabon Tasha da Unguwar Romi ya tsaya. Gwamnatin tarayya ta sanar da tallafin naira biliyan 1.6 ta hannun asusun raya noma na ƙasa. Tambayoyin da nake so in ji ɗan majalisa ya yi a zauren majalisa, a gaban 'yan jarida, ba su da wuya. Manomi nawa ya samu, a wane ƙauye? Irin da aka raba, wa ya gwada shi ya tabbatar ba ya ɗauke da cutar? Nawa aka ba masu bincike? Yaushe malamin gona na farko ya kai rahoto, kuma kwana nawa aka yi kafin a motsa? Mun ga irin wannan a 2016 lokacin da tsutsar tumatir ta sa jihar nan ta ayyana dokar ta-ɓaci. Tsakanin annobar nan biyu shekara bakwai ne, lokaci isasshe da za a gina tsarin gargaɗi tun da wuri.

Kada a ce majalisar Kaduna ba ta san ƙarfinta ba. A 1979 Alhaji Balarabe Musa na PRP ya hau mulki ya soke haraji da jangali, abin da talakan ƙauye ya daɗe yana kuka da shi. Majalisar da NPN ke da rinjaye ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa har ta tsige shi a Yunin 1981, gwamna na farko da aka yi wa haka a Najeriya. A Yunin 2024 kuma kwamitin wucin gadi na majalisar ya fitar da rahoto yana zargin gwamnatin Malam Nasiru El-Rufai da karkatar da sama da naira biliyan 400, shi kuma ya musanta ya tafi kotu. Hukunci na kotu ne. Abin da ya dame ni shi ne lokacin. Kasafe-kasafen shekara takwas na mulkin El-Rufai duk ta majalisa suka bi, rahoton mai binciken kuɗi kuma can ake kai shi. Binciken da ake jira sai gwamna ya sauka, ko sai an ɓata da shi, ba ya mayar wa manomi daminar da ta wuce. Abin da muke nema aiki ne na kullum, marar hayaniya, wanda ake yi wa gwamnan da ake so da wanda ba a so, kada majalisa ta zama ko filin daga ko 'yar amshin shata.

A Ingila an taɓa yin irin wannan. A 2005 zuwa 2006 hukumar da ke biyan manoma tallafi ta kasa biya a kan lokaci, manoma suka shiga bashi. An sauke shugaban hukumar a Maris 2006, amma kwamitin majalisa mai kula da harkokin karkara bai ce magana ta ƙare ba. Ya kira ministoci da manyan ma'aikata, ofishin binciken kuɗi na ƙasar ya ƙirga asarar, aka buga rahoto kowa ya karanta. Ba zargin sata aka yi ba. Jinkiri kaɗai ya isa a titsiye mutum, domin sun ɗauki lokacin manomi a bakin dukiya.

Akwai wurare biyu da zan taɓa a gurguje. Kuɗin tsaro: manomin Birnin Gwari da Chikun da Kajuru da ya bar gonarsa saboda 'yan bindiga ba taki ne damuwarsa ta farko ba, kuma ko da ba za a tattauna sirrin tsaro a fili ba, majalisa na iya duba lissafinsa a zaman sirri. Sai ƙananan hukumomi: tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 a kan kuɗinsu, ya kamata mu tuna kansiloli ma majalisa ce. Kwalbatin da ya karye ya hana mota shiga ƙauye ɗaukar doya, a teburinsu yake.

Mu kuma me ke hannunmu? Jihar Kaduna ta shiga ƙawancen gwamnati a buɗe tun 2018, ta ɗauki alkawarin sa jama'a cikin tsara kasafi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana nan, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta hau kan jihohi ma. Dokar ta ba ofis kwana bakwai ya amsa takarda. Ɗaliban da ke zaune a nan, ku da wayoyinku, ku sauko da rahoton wata uku, ku fitar da shafin ma'aikatar gona kaɗai, ku karanta wa iyayenku da Hausa a taron ƙungiyar gari da na mata da na 'yan tasha. Ƙungiyoyin garuruwan da ke zama a unguwar nan duk wata su ne suka fi kowa sanin abin da ya isa ƙauye, domin waya ɗaya za su buga. A rubuta ranar da taki ya iso, buhu nawa, wa ya raba. Gwamna yakan kai kasafi majalisa a watannin ƙarshen shekara, kwamitoci su kira ma'aikatu su kare nasu. A wannan lokacin ne za a kai takardar, da sa hannun shugabanni, kwafi ɗaya ga ɗan majalisarku, ɗaya ga shugaban kwamitin noma, ɗaya ga akawun majalisa, a buga muku hatimin karɓa a kan naku. A ciki a nemi a rubuta cikin dokar kasafi cewa takin damina zai isa ƙananan hukumomi kafin ƙarshen Afrilu, na citta ma kafin haka tunda ita ta riga masara shiga ƙasa, kuma kwamishina zai dawo gaban kwamiti a watan Yuli da jerin sunaye a hannunsa.

Shugaban taro, a nan zan dakata, a ba masu tambaya dama.